Garin da Ungulu Ta Yi Sarautar Rediyo

Daga Columbus zuwa Cleveland tafiyar awa biyu da 'yan kai ce a kan babbar hanyar da suke kira I-71, hanya miƙaƙƙiya, ba rami ba shinge, gonakin masara da waken suya dama da hagu. Ɗan ƙanwata ne ke tuƙi. Ya daɗe a jihar Ohio yana jan babbar mota, yana kai kaya daga wannan rumbun ajiya zuwa wancan, saboda haka babu lungun jihar da bai taka ba. Ni kuwa da yake Bahaushe ne, tun kafin mu fita gari hannuna ya kai kan rediyon motar.

Tashar da na fara kamawa kiɗan rok take sakawa, irin mai kukan jita da dukan ganga ba sassauci. Muka yi nisa da ita. Wajen Mansfield ta fara shashshaƙa, na murɗa na kama wata, sai ga waƙar da muka ji ɗazu ana tsakiyarta. Da muka doshi Medina na sake murɗawa, nan ma dai su ne. Yaron ya yi dariya ya ce, "Kawu, ka huta da murɗe-murɗen nan. In ba Led Zeppelin ba ne Eagles ne, in ba su ba Aerosmith ko AC/DC ko Queen. Ni da ban taɓa sayen waƙarsu ko ɗaya ba duk na haddace su." Na ce to shi me yake saurare a doguwar tafiya? Ya nuna wayarsa. Wa'azi da waƙoƙin gida da labarun BBC, duk ta nan suke shigo masa. Ya ce rediyon motar sai in zai ji labarin dusar ƙanƙara ko cunkoso.

Abin ya tsaya mini a rai ne saboda garin da muka nufa. Cleveland ba ta da wani abin tinƙaho da ya wuce rediyo da wannan kiɗan. A nan ne a 1951 wani mai gabatarwa, Alan Freed, ya fara shirin dare a tashar WJW yana saka faya-fayen baƙaƙen fata, da ƙarfafawar Leo Mintz, mai kantin faifai a titin Prospect, wanda ya lura cewa samari suna rububin irin wannan kiɗa. Ranar 21 ga Maris 1952 suka shirya wasa a Cleveland Arena, jama'a suka ninka abin da zauren zai ɗauka, aka ɓalle ƙofofi, hukuma ta tsayar da wasan tun bai yi nisa ba. Wannan daren ne ake lissafawa a matsayin babban taron rok na farko. Freed bai gama da duniya lafiya ba: zargin karɓar na goro daga kamfanonin faifai ya raba shi da aikinsa, ya mutu a 1965 ba shi da komai. Mun je maƙabartar Lake View inda aka binne tokarsa a 2016. Dutsen kabarin an sassaƙa shi da siffar akwatin nan na gidajen shan shayinsu da ake jefa wa kwabo ya saka faifai. A maƙabartar nan John D. Rockefeller yake, da Shugaba James Garfield, amma a gaban dutsen mai saka faifai na ga mutane sun tsaya ɗaukar hoto.

Shiga Cleveland ta kudu yana gaya wa baƙo tarihin garin tun kafin ya tambaya. Hanya tana bi ta saman kwarin kogin Cuyahoga, kana hango bututan hayaƙi da tsibin tama da layukan dogo. Har yanzu ana narka ƙarfe a wurin, sai dai wani yanki na filin masana'antar ya koma rukunin kantuna. Kogin nan ne ya kama da wuta a 1969 saboda man da ke yawo a kansa. A 1950 mutanen birnin sun haura dubu 900. A ƙidayar 2020 ba su kai dubu 375 ba. A 1978 hukumar birnin ta kasa biyan bashin da bankuna ke bin ta. A cikin waɗannan shekarun na tsiya da ba'ar da sauran Amurka ke yi wa garin ne tashar WMMS, a kan mita 100.7 zangon FM, ta zama abin da mutanen Cleveland ke ɗaga kai da shi. Alamar da ta zaɓa wa kanta a 1974 ungulu ce, zanen wani matashi David Helton. Gari yana mutuwa, tasharsa ta ɗauki ungulu ta manna a riguna da gilasan motoci. Wannan baƙar raha ta burge ni.

Yadda aka yi FM ta zama gidan rok ma abin sani ne. A shekarun 1960 kuɗi a zangon AM yake, masu tashoshi ba su ɗauki FM a bakin komai ba, abin da suka watsa a can shi suke maimaitawa a nan. Hukumar sadarwa ta Amurka ta taƙaita wannan maimaicin a manyan birane, dokar ta fara aiki a 1967. Masu tashoshi suka rasa abin da za su cika sa'o'in da shi, sai suka sakar wa samari masu dogon gashi da ba a biyansu abin kirki, suka ce ku yi yadda kuka ga dama. Su kuwa suka yi. Mai gabatarwa ya shigo da faya-fayensa a hammata, ya saka waƙar minti goma in ya so, ya bi ta da wadda ba wanda ya taɓa ji.

Labarin da ya fi nuna abin da ake nufi shi ne na Donna Halper. A 1974 ita ce ke kula da zaɓen waƙoƙi a WMMS. Wani ya aiko mata da faifai daga Kanada, na wasu samari uku 'yan Toronto da suka buga shi da kuɗinsu don babu kamfanin da ya karɓe su. Ta saurara, ta tsaya a kan wata waƙa mai suna "Working Man", mai kimanin minti bakwai, a kan mutumin da rayuwarsa ba ta wuce aiki da komawa gida ba. Ta san garin da take. Aka saka ta, wayoyin tashar suka ɗau ruri, wasu suna tambaya ko sabon faifan Led Zeppelin ne. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin Mercury ya ɗauki ƙungiyar, wato Rush, wadda ta yi shekara arba'in tana cika filaye. Mace ɗaya, kunne ɗaya, da sanin su wane ne ke saurare a bakin injin. Haka aka yi da David Bowie: tashar ta dage da saka shi lokacin da yawancin Amurka ba ta san shi ba, har ya zamana a Cleveland ya buɗe rangadinsa na farko a ƙasar, ranar 22 ga Satumba 1972. Kid Leo, mai shirin yamma, ya mayar da "Born to Run" ta Bruce Springsteen alamar tashi daga aiki kowace Juma'a, kuma ranar 9 ga Agusta 1978 tashar ta watsa wasan Springsteen kai tsaye daga zauren Agora, wasan da masoyansa ke nema har gobe.

Ba waliyyai ba ne, kada a ce na yi musu kirari. Shekara tara a jere, daga 1979 zuwa 1987, masu karanta mujallar Rolling Stone suna zaɓen WMMS a matsayin tashar da ta fi kowace. A 1988 jaridar garin, Plain Dealer, ta tona cewa mutanen tashar sun sayi kwafen mujallar da yawa sun cike takardun zaɓen da hannunsu. Ashe aringizon ƙuri'a ba a kanmu aka fara ba.

A kasuwar West Side, wadda ke ci tun 1912 a ƙarƙashin doguwar hasumiyar agogo, na zauna shan shayi kusa da wani dattijo Bature mai hular ƙwallo da ungulun nan a goshinta, duk ta koɗe. Hular ce ta buɗe hira. Ya ce ya yi aikin ƙarfe har ya yi ritaya. A zamaninsu, in ji shi, in ka tsaya a fitilar hanya da rani, tagogi a buɗe, motar dama da ta hagu duk tasha ɗaya suke ji. Ya san masu gabatarwa da muryoyinsu da halayensu, ya san wanda ke son jita mai nauyi da wanda ke son waƙar Ingila. In aka saka abin da bai sani ba, ranar Asabar yana kantin faifai yana tambaya. Na ce yanzu fa? Ya ce yanzu ma rediyon a kunne yake a garejinsa daga safe zuwa dare, a tashar tsofaffin waƙoƙi. Na ce ba ya gajiya da maimaici? Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ya gaji mana, amma waƙoƙin samartakarsa ne, kuma abokan da suka ji su tare rabi sun mutu. Daga nan ya ƙara wata magana da ta fi ta farko nauyi: ya ce abin da ke ba shi haushi shi ne ko a cikin tsofaffin ma, kullum guda biyu ko uku na kowane mawaƙi ake juyawa, alhali shi yana da faya-fayen a gida, ya san abin da ke cikinsu.

Nan ne gizo ke saƙar. Tsufan waƙa ba aibi ba ne. Ni da nake rubutun nan ba na ƙoshi da Shata. Amma a ce wata tasha a Kano ko Kaduna ta yanke cewa daga cikin waƙoƙin Shata da ba su ƙirguwa, uku kacal za a riƙa sakawa, safe da rana da dare, shekara talatin, har yaro ya tashi yana zaton iyakar abin da mutumin ya rera ke nan. Wannan shi ake yi wa Led Zeppelin, masu faifai takwas tsakanin 1969 da 1979. Tashar da ke cewa tana girmama tarihi ita ce ke yanke shi tana barin ɗan guntu.

Yaya aka zo nan? Ba dare ɗaya ba ne. Tun a shekarun 1970, da aka ga FM ta fara kawo kuɗi, sai masu ba da shawara suka shigo, irin su Lee Abrams, suna sayar wa tashoshi jerin waƙoƙin da aka tace. A tsakiyar shekarun 1980 Fred Jacobs ya fito da tsarin tashar da ba ta saka komai sai tsohon rok, kuma ya karɓu nan da nan, don waɗanda suka yi samartaka da Beatles sun zama masu albashi da gidaje, su ne masu talla ke nema. Hanyar tacewar ita ce abin mamaki. Ana tara mutane a zaure a biya su, a riƙa saka musu 'yan daƙiƙoƙi daga kowace waƙa, ɗaruruwa a zama ɗaya, kowa yana nuna ko yana so, ko ba ya so, ko ya gaji da ita. Wadda ta tsallake ta shiga jeri. To waƙar da mutum bai taɓa ji ba, ta yaya za ta ci wannan jarrabawa a cikin daƙiƙa bakwai ko takwas? Da a haka aka gwada faifan da aka aiko wa Donna Halper, da a kwandon shara ya ƙare. Daga 2007 kuma aka fara auna masu saurare a manyan birane da wata 'yar na'ura da mutum ke ratayawa, mai jin duk tashar da ke kusa da shi minti bayan minti. Manajoji suka ga da idonsu cewa baƙuwar waƙa tana sa wasu murɗawa. Daga ranar tsoro ya zama shi ne mai tsara shirye-shirye.

Sai babbar guguwa, dokar sadarwa ta 1996. Kafin ta, kamfani ɗaya ba ya mallakar fiye da tashoshi 40 a duk ƙasar. Dokar ta cire wannan iyaka, ta kuma yarda kamfani ya riƙe har takwas a babban birni guda. Cikin 'yan shekaru Clear Channel na jihar Texas ya tara fiye da 1,200, WMMS tana ciki. A 2008 wasu kamfanonin zuba jari suka saye shi da kuɗin rance suka ɗora masa bashin. Ya sauya suna zuwa iHeartMedia a 2014, a Maris 2018 ya je kotu neman kariya daga masu bin sa kimanin dala biliyan 20. Babban abokin hamayyarsa, Audacy, shi ma ya bi sahu a Janairun 2024. Kamfanin da ke neman kuɗin ruwa kowane wata ba ya biyan mutum don ya zauna yana sauraren faifan da ba a sani ba. Abin da ya fi araha shi ne mutum ɗaya a wani gari ya naɗi maganganunsa na sa'o'i huɗu cikin rabin awa, kwamfuta ta jera su tsakanin waƙoƙi, a watsa a garuruwa da dama, yana ambaton sunan kowane gari kai ka ce a can ya kwana. Da dare in ka kira lambar tasha irin wannan, babu mai ɗauka, don babu kowa a ɗakin.

WMMS ba ta mutu ba, tana nan a 100.7 da ungulunta. Sai dai abin da ke riƙe da ita yau shi ne shirye-shiryen hira da barkwanci na safe da na yamma, da wasannin ƙwallo. Kiɗan yana cike gibi ne. Ta ma yi sa'a. WBCN ta Boston, wadda ta taimaka wa U2 shiga Amurka, ta rufe a 2009. WLUP ta Shikago an sayar da ita a 2018 ga wata ƙungiyar da ke watsa waƙoƙin addinin Kirista, kuma ƙungiyar nan ce ta saye WAAF ta yankin Boston a 2020.

Akwai wani lissafi da ke cin waɗannan tashoshi a hankali. Masu talla sun fi son 'yan shekara 25 zuwa 54. Wanda yake da shekara 18 a 1975 yanzu ya haura 65, ya fita daga lissafinsu ko da kuwa rediyonsa ba ya mutuwa, irin dattijon kasuwar nan. Maganin da aka samo shi ne a jawo jerin gaba kaɗan: a rage na shekarun 1960, a shigo da Nirvana da Pearl Jam da Green Day. Su ne "sababbin", alhali faifan da ya fito da Nirvana na 1991 ne, ya haura shekara talatin. Kuma gaskiya tsarin yana kawo kuɗi har yanzu, shi ya sa ba a taɓa shi. Ma'aikatan gini da masu gyaran mota suna son abin da ba zai dame su ba. Amma tun 2017 alƙaluman kamfanin Nielsen suka nuna cewa hip-hop da R&B sun sha gaban rok a abin da Amurkawa ke saurare, kuma yaron da ke neman sabon kiɗa a Spotify ko YouTube ko TikTok yake nemansa. Ana cewa intanet ce ta kashe rediyon rok. Ni a ganina ta tarar da shi ya riga ya saki aikinsa, ta ɗauka.

Gidan tarihin rok yana bakin tafkin Erie, ginin gilashi mai siffar dala, zanen I. M. Pei, an buɗe shi a 1995. Cleveland ta same shi ne a 1986 bayan gwagwarmaya da wasu birane, kuma WMMS na cikin waɗanda suka tara jama'a suka sa hannu a takardun neman a kawo shi. Iskar tafkin tana yanka fuska, muka shige da sauri. A ciki akwai jitoci da rigunan wasa da takardun da aka rubuta waƙoƙi da hannu, an killace su a gilashi. Abin da na fi daɗewa a kai shi ne sashen farko, na tushe: Chuck Berry, Little Richard, Fats Domino, Ray Charles, James Brown, duk suna cikin rukunin farko da aka karrama a 1986. Baƙaƙe ne suka haifi kiɗan nan, kuma su Freed ya fara sakawa. A tashoshin da muka bi a hanya kuwa, in ka cire Jimi Hendrix, da wuya ka ji baƙar fata ko ɗaya, a garin da kusan rabin mutanensa baƙaƙe ne. Na nemi Fela ban gan shi cikin waɗanda aka karrama ba. An sa sunansa a takara a 2021 da 2022, ya zo na biyu a ƙuri'ar masoya a karon farko, amma bai shiga ba a lokacin. Duk da haka gidan tarihin ya fi rediyon faɗi nesa ba kusa ba, kuma shi aƙalla ya rubuta a ƙofarsa cewa gidan tarihi ne.

Da muka fito ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, wai kai duk wannan damuwar a kan kiɗan da ko gida ba a ji?" Na ce masa ana ji, shi ne bai lura ba. Jitar da ta fi kowace zafi a wannan zamanin daga Nijar take fitowa. Bombino ɗan Agadas ne, kuma wanda ya shirya masa faifansa na 2013 shi ne Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys, haifaffen Akron, garin tayoyi da ke kudu da Cleveland, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Mdou Moctar, Buzu daga jihar Tawa, yana zagaya Amurka yana cika zaure, manyan jaridunsu suna yabonsa. Da a 1974 ne, irin faifan da zai faɗo hannun wata Donna Halper ke nan, ta saka da tsakar rana ta jira wayoyi. Yau babu kujerar da irinta za ta zauna a manyan tashoshin, jerin daga hedikwata yake zuwa.

Inda abin ya rage shi ne can ƙasan zangon, daga mita 88 zuwa 92, wanda doka ta keɓe wa tashoshin da ba na kasuwanci ba. A nan ɗaliban jami'a da 'yan sa-kai suke, suna tuntuɓe da harshe, wani lokaci su bar iska shiru don sun manta danna maɓalli, amma abin da suka saka su suka zaɓa, kuma in ka kira akwai mai ɗauka. Ƙarfin watsawarsu kaɗan ne, in ka yi nisa da gari sai su ɓace. Mai karatu, in hanya ta kai ka Cleveland, ka je Lake View da gidan gilashin nan, ba laifi. Amma a mota ka murɗa zuwa 91.1, tashar WRUW ta jami'ar Case Western Reserve, ka bar ta a nan har ka fita gari.